Barcin Dare Da Lafiyar Gida

Kai maigida, da ke uwargida, wannan takarda taku ce. In akwai wanda bai iya karatu ba a gidan, a sa ɗan makaranta ya karanta masa bayan magariba. Amma kada a raba dare ana karatun, gama maganar barci za mu yi.

Mutanen Ikara da Maƙarfi da Kudan ba su bukatar a gaya musu barci ya kan zama ciwo. Waɗanda suka gani da idonsu sun kusa ƙarewa, amma 'ya'yansu sun ji labarin ciwon barci da ya addabi Lardin Zazzau wajen 1930 zuwa 1940. Ƙudan tsando ne ya ke kawo shi. Shi wannan ƙuda a kurmin bakin rafi ya ke zaune, inda akwai inuwa da laima, da rana kuma ya ke cizo. Saboda haka inda mata su ke ɗiban ruwa, da inda a ke ƙetare rafi, da mashayar dabbobi, nan ya ke samun mutane. In ya ciji mai ciwon, sa'an nan daga baya ya ciji mai lafiya, sai ya zuba masa waɗansu ƙwayoyi ƙanana a cikin jini, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Da fari sai zazzaɓi da ciwon kai, da kaluluwa a bayan wuya. Bayan watanni, wani ma sai shekaru, ƙwayoyin su kai ga ƙwaƙwalwa. Daga nan sai barcin mutum ya juye, da dare ido biyu, da rana gyangyaɗi, har ya kan yi barci da lomar tuwo a hannu. Ya yi ta ramewa. In ba a yi magani ba, sai mutuwa.

A ƙasar Ancau, maƙwabciyar Ikara, wadda yanzu ta ke cikin Ƙaramar Hukumar Kubau, abin ya yi tsanani ƙwarai, har da aka duba aka iske wajen mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da ciwon. Ma'aikatan ciwon barci suka yi ta bin ƙauyuka suna lalube wuyan mutane, suna yin allura. To, amma wanda aka warkar yau, gobe zai koma rafin nan ɗibar ruwa, tsando ya sake cizonsa. Da aka ga haka, cikin 1937 aka soma babban aiki na korar ƙudan kansa. Aka sare kurmin bakin rafuka a wani yanki mai tsawon wajen mil 70, faɗinsa wajen mil 10. Aka tattara ƙananan unguwanni da ke warwatse cikin daji aka mai da su ƙauyuka, domin gida biyar ko shida ba su iya riƙe sharan rafi ko wace shekara, sai jama'a mai yawa. Wajen mutum 5,000 aka tayar. Aka gina sabon gari kusa da tsohuwar Ancau, da tituna masu faɗi, da kasuwa, da rijiyoyin siminti masu baki a ɗage, aka sa masa suna Takalafiya. Wani Bature masanin ƙwari, Dokta Nash, shi ya rubuta rahoton aikin, aka buga cikin 1948. Ba kowa ya ji daɗin tashin ba, ba ma za mu ce an ji ba. Barin kufai da kaburburan iyaye ba ƙaramin abu ba ne, saran kurmi kuma aiki ne mai wuya da aka ɗora wa talakawa. Amma tsando ya bar wurin, ciwon kuwa ya ja da baya.

Yau ciwon barci ya yi ƙaranci ƙwarai. Cikin 2018 waɗanda aka samu da shi a duniya duka ba su kai 1,000 ba, bisa ga lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, yawancinsu kuwa a ƙasar Kwango su ke. An kuma sami maganin haɗiya na kwana 10, wanda ya sauƙaƙa wahalar allurai irin ta dā. Cibiyar binciken ciwon barci da sammore tana nan Kaduna. Shanu har yanzu su kan kamu da sammore in an kai su ƙasar tsando. Mutum kuwa, in ya yi zama a kurmi ya komo da zazzaɓin da ba ya jin maganin cizon sauro, ga kaluluwa a wuya, ya faɗa wa likita inda ya je.

Ban da irin wannan, in ka ga mutum yana gyangyaɗi da rana a zamanin nan, kada ka ce tsando. Da wuya in ba barcin dare ne bai ishe shi ba.

Awa Nawa?

Baligi yana bukatar awa 7 ko fiye ko wane dare. Saurayi da budurwa masu shekara 13 zuwa 18, awa 8 zuwa 10. Ɗan makarantar firamare, awa 9 zuwa 12. Yaron da bai kai shiga makaranta ba, awa 10 zuwa 13, haɗe da barcin rana. To, yi lissafi da kanka. Kana tashi asuba wajen ƙarfe 5. In ka zauna hira a dandali ko gun mai shayi har ƙarfe 12, awa 5 ke nan ka samu. Dare ɗaya ba kome. Amma in kullum haka ne, cikin mako ɗaya jikinka yana binka bashin awa 14, watau barcin dare biyu cur. Wanda zai tashi asuba, ƙarfe 10 ya kamata ta same shi a shimfiɗa.

Waɗansu suna ganin barci hutu ne kawai, har su kan yi alfahari da ƙarancinsa. Ba haka ba ne, jiki aiki ya ke yi. Cikin barci ne bugun zuciya ya ke lafawa, ƙarfin gudun jini ya sauka. Cikin barci ne ƙwaƙwalwa ta ke adana abin da aka koya da rana, shi ya sa yaron da ya yi hadda ya kwana da kyau ya kan fi wanda aka hana barci riƙewa. Sinadarin da ke sa yaro girma ma cikin barci mai nauyi ya fi fitowa. Wanda ya daɗe yana tauye barcinsa ya fi kusa da hawan jini da ciwon sukari, ga saurin fushi a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Faɗan gida da yawa, in an bi diddigi, gajiya ce.

Ƙailula abu ne mai kyau, musamman da bazara da watan azumi. Amma a taƙaita, minti 20 ko rabin awa bayan azahar. Wanda ya kwanta bayan la'asar ya kai magariba, ya ci barcin darensa ke nan.

Ɓarayin Barci

Na fari shi ne goro. Kada ranka ya ɓaci, ba mu ce ka bari ba. A cikin goro, da ganyen shayi, da kofi, da lemon kwalba baƙi, da ruwan gwangwanin nan da samari su ke sha wai don ƙarin ƙarfi, akwai abu guda mai hana barci, sunansa kafin. In ya shiga jiki ba ya fita da sauri. Bayan wajen awa 5, rabinsa ne kaɗai ya fita. Watau goron da ka ci bayan la'asar, rabin ƙarfinsa yana nan cikin jininka sa'ad da ka ke neman barci. Wani zai ce, ni ina cin goro in kwanta in yi barcina. Gaskiya ne, amma barcin ba ya yin nauyi, sai ya tashi kamar bai kwanta ba, ya nemi wani goron. Ka ci naka da safe zuwa azahar. Taba ma haka ta ke, ba ta kwantar da kowa.

Na biyu wayar hannu. Haskenta a ido cikin duhu yana sa jiki ya ɗauka dare bai yi ba, labaran da ke ciki kuwa ba su ƙarewa. A ajiye ta awa guda kafin kwanciya, nesa da matashin kai. Iyaye su karɓe ta daga hannun yara. Amma uban da ke latsa tasa har ƙarfe ɗaya, da wane baki zai hana ɗansa?

Na uku sauro. Wanda ke kawo zazzaɓi da dare ya ke cizo, a daidai lokacin da ka ke kwance. Gidan sauro mai magani, wanda a ke rabawa kyauta, yana tsare barci, yana tsare jini. In sabo ne a shanya shi a inuwa kwana guda kafin a shiga, don kada ya sa ƙaiƙayi. A cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma ko katifa, a ɗinke inda ya yage, in an wanke a shanya a inuwa. Mai ciki da ƙananan yara su ne na farko. Mun sha ganin gidan sauro a fadama an lulluɓe irin tumatir da shi, yara kuwa suna kwana a fili. Tumatir ba ya zazzaɓi.

Kuɗin cizo kuma a tsagar bango ya ke ɓuya, da gaɓoɓin gado, da ɗinkin katifa. A fitar da shimfiɗu rana mai zafi, a kwarara tafasasshen ruwa a gaɓoɓin gado, a yaɓe tsagogin bango. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne fesa fiya-fiya ko maganin ƙwarin gona a ɗakin kwana, a rufe ƙofa a kwanta. Guba ce, tana kashe yaro kamar yadda ta ke kashe ƙwaro. In kuwa ƙaiƙayin dare a tsakanin yatsu ne da kwankwaso, ya kuma bi mutanen gidan, ƙazuwa ce. Sai a yi wa kowa magani rana ɗaya, a wanke tufafi da mayafai.

Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, ɗakin kwano ya kan riƙe zafi har tsakar dare. A buɗe taga, a watsa ruwa kafin a kwanta. In za a kwana a tsakar gida a kafa sanduna a ɗaura gidan sauro. Da hunturu kuwa haɗarin ya fi girma. Garwashi a kasko cikin ɗakin da aka toshe ko'ina yana fitar da wata iska mara launi, mara wari. Mai barci ba ya jin ta, sai dai barcinsa ya ƙara nauyi, ya zarce. Hayaƙin janareta ma ita ce a cikinsa. A ɗumama ɗaki, a fitar da kaskon kafin a kwanta. Janareta kuwa a waje, nesa da taga, ba cikin zaure ba. In mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai da jiri da amai, a fitar da su sarari nan da nan, a kai su asibiti.

Wanda Ya Kwanta Barci Ya Ƙi Zuwa

Kowa ya kan gamu da wannan in an yi rasuwa, ko bashin taki ya taso, ko farashin rake ya faɗi. Yawanci ya kan wuce da kansa. Abin da ke sa shi ya zauna shi ne tsoronsa. Mutum ya kwanta yana ta juyi, yana duba agogo, yana cewa yau ma ba zan samu ba. A kwana a tashi sai shimfiɗar kanta ta zama wurin fargaba.

Ga dabarar da likitoci suka gwada suka ga amfaninta. In ka kwanta wajen minti 20 barci bai zo ba, tashi. Koma kan tabarma ko buzu, cikin haske kaɗan, ka ja carbi ko ka yi wani abu mai natsuwa, sai ka ji idonka ya yi nauyi sa'an nan ka koma. In ya sake ƙi, ka sake tashi. Da safe kuwa ka tashi lokacin da ka saba, kome ƙarancin barcin da ka samu, kada ka rama da rana. Kwanakin farko da wuya. Amma jiki ya kan koma kan hanya cikin 'yan makonni. Lissafin bashi da shawarar gida a yi su da rana, ba a kan matashi ba.

In abin ya kai dare uku a mako har wata uku, je asibiti. Haka kuma in tare da shi akwai baƙin ciki mara dalili, da ƙin abinci, da ƙin shiga mutane, ko mutum ya fara cewa gara ya mutu. Wannan ciwo ne mai magani, kada a bar shi shi kaɗai, kada kuma a jira wata ukun. Tarin da ya wuce mako biyu da zufar dare, a je a gwada majina, maganin tarin fuka kyauta ne. Dattijon da ke tashi fitsari sau huɗu sau biyar, a duba masa sukari da mafitsara. Mai ciki da ke jin ƙafafunta suna tsuma da dare, sai ta motsa su ta ji sauƙi, sau da yawa ƙarancin jini ne, ta faɗa a wurin awo.

Kada ka sayi ƙwayar barci a kemis ko hannun mai talla. Irin su baliyam su kan sa barci mako ɗaya ko biyu, daga nan jiki ya saba, ɗaya ba ta isa sai biyu, ran da aka rasa kuwa ido ya bushe fiye da dā. Tsofaffi su kan faɗi su karye saboda su. Maganin tari mai kodin, Gwamnatin Tarayya ta hana yinsa da shigo da shi tun 2018, saboda ɓarnar da ya yi wa matasa da matan aure.

Uwargida, Ki Kasa Kunne

Minshari ba duka ne ciwo ba. Amma akwai wani iri da mai shi ba zai taɓa sani ba sai an gaya masa. Yana minshari da ƙarfi, sai ki ji tsit, numfashi ya tsaya kamar ki ƙirga goma ko fiye, sa'an nan ya yi wata irin shaƙuwa ya ci gaba. Maƙogwaro ne ya ke rufewa. Haka zai yi ta yi har gari ya waye, wani sau ɗari ko fiye, ko wane sau kuwa zuciya tana shan wuya. Da safe sai ciwon kai da bushewar baki, da rana gyangyaɗi a majalisa ko a sahu. Ya fi kama masu ƙiba da kaurin wuya, ya kan kuma tafi tare da hawan jinin da ba ya jin magani. Ki gaya masa, ko da zai musa. Ya kwanta ta gefe, ba rigingine ba, ya rage ƙiba, ya nisanci ƙwayar barci, ya je a auna jininsa. In ya yi tsanani akwai na'urar da ke hura iska ta hanci da dare. Yaro mai minshari kullum da baki buɗe, a kai shi likita ya duba maƙogwaro. Kada a kai wa wanzami ya cire belu, ba nan ciwon ya ke ba, ga zubar jini.

Akwai kuma maganar mai jego, wadda ta shafi ƙasar nan musamman. Tun wajen 1970 likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka lura ciwon zuciya bayan haihuwa ya yi yawa a matan ƙasar Zariya. Suka ga kunun kanwa mai yawa yana tara ruwa a jiki, ga wankan ruwa mai tsananin zafi safe da yamma har kwana arba'in, ga kwanciya a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi. Duk waɗannan nauyi ne a kan zuciya. Alamar ta kan fara nunawa da dare. Mai jego ta kasa kwanciya miƙe sai an tara mata matasai, ko ta farka tana haki da tari, ƙafafu sun kumbura. Wannan ba iska ba ce, ba kuma shagwaɓa ba. A dakatar da kanwa, a kai ta asibiti ran nan, kada a ce sai an yi arba'in.

Dannau, Da Na Yara

Ka farka, kana ji kana gani, amma ka kasa ɗaga ko yatsa, kamar an ɗora maka dutse a ƙirji, wani lokaci har ka ga kamar mutum a bakin ƙofa. Ga abin da ke faruwa. Sa'ad da mutum ya ke mafarki, ƙwaƙwalwa ta kan saki gaɓoɓinsa duka, don kada ya tashi ya aikata abin da ya ke gani. Wani lokaci hankali ya kan riga jiki farkawa, mafarkin kuma bai gama watsewa ba. Ba ya wuce minti ɗaya ko biyu, ba ya kisa. Yi addu'arka, ka ja numfashi a hankali, ka yi ƙoƙarin motsa ɗan yatsa. Ya fi zuwa wa wanda barci bai ishe shi ba, da mai kwanciya rigingine.

Fitsarin kwance ba ganganci ba ne. Yara da yawa ba su bari sai sun kai shekara 6 ko 7, ya kan kuma bi jini. Duka ba ya magani, tara yara su yi masa waƙa a unguwa kuwa sai ƙara abin ya ke yi. A rage masa ruwa da kunu gab da kwanciya, ya yi fitsari kafin ya kwanta, a yaba masa ran da ya tashi a bushe. In dā ya bari ya komo, ko yana jin zafi, ko yawan ƙishirwa, ko akwai jini a ƙarshen fitsarin, irin na tsargiya da yara ke ɗauka wajen wanka a rafi da dam, sai asibiti. Yaron da ke zabura da ihu a farkon dare, ido buɗe amma bai san kowa ba, kada a jijjiga shi. A tsare shi kada ya ji ciwo, zai koma barci, da safe ba zai tuna ba. Amma in da zazzaɓi, jiki yana sanƙarewa ko karkarwa, wannan dabam ne, a garzaya da shi. Jariri kuwa har ya shekara a kwantar da shi rigingine, a shimfiɗa mai tauri, ba matashi, ba a rufe masa fuska, cikin gidan sauro.

Direba Da Mai Ban Ruwa

Lokacin kakar tumatir da rake, motoci su kan yi lodi da yamma su kama hanya da dare, direban kuwa tun asuba ya ke tsaye. An gwada a ƙasar Ostareliya cikin 1997, aka ga wanda ya yi awa 17 ido biyu, hankalinsa da saurin hannunsa sun ragu kamar na wanda ya sha giya. Barcin da ke kashe direba ba dogo ba ne. Ido ya rufe daƙiƙa 3 kawai, motar da ke gudun kilomita 80 ta ci fiye da mita 60 ba mai tuƙi. In ka fara hamma, ko ka ga ka wuce Tashar Yari ba ka tuna sa'ad da ka wuce ba, sauka gefen hanya inda akwai mutane ka kwanta minti 20. Buɗe gilashi da ƙara rediyo ba su hana kome. Tiramol kuwa ba ya kawar da gajiya, ɓoye ta ya ke yi, yana kuma jawo farfaɗiya. Mai ban ruwa da ya kwana a fadama gun inji, ya sami barcinsa a ɗaki mai duhu kafin ya hau babur.

In za ka je asibitin Ikara, ko na Maƙarfi, ko na Hunƙuyi, ko ƙaramin asibitin da ke kusa da kai, kan maganar barci, ka yi shiri tun mako biyu kafin nan. Ko wace safiya a rubuta lokacin da ka kwanta, da lokacin da ka tashi, da sau nawa ka farka, da goro ko shayi nawa ka sha da lokacinsa. Ka tafi da takardar, da duk maganin da ka ke sha, na asibiti da na gargajiya. In maganar minshari ce, ka tafi da wadda ta ke jinsa. In malamin asibiti ya ga abin ya fi ƙarfin wurin, zai ba ka takarda zuwa Shika.